Baƙin Mai a Kan Taɓo

A wani ƙauye da ke kusa da Dangamaji, a ƙasar Jega, akwai wani yaro mai suna Sirajo. Yana aji shida na firamare. Yaro ne mai ladabi, ba ya faɗa, ba ya zagi. Aibinsa ɗaya ne. Duk aikin da zai ɗauki lokaci, sai ya nemo masa gajeriyar hanya. In an ce ya share tsakar gida, sai ya tura sharar bayan randa ya ce ya gama.

Makarantarsu tana da nisa. Kullum sai ya yi tafiyar kusan awa guda a ƙafa. Wannan ne ya sa kawunsa Malami ya tausaya masa. Kawu Malami ƙanen mahaifiyarsa ne, kuma gyaran kekuna yake yi a cikin garin Jega.

Wata ranar Juma'a da yamma, sai ga Kawu ya iso da wani keke ɗaure a bayan babur. Keken ba sabo ba ne, na hannu ne, amma ya sha gyara. Tayoyinsa masu kauri ne, irin na hawan duwatsu. Kawu ya ma ɗaura masa kariya a baya don ɗaukar kaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Sirajo shi ne giya, wato abin canja gudun keke. Duk ƙauyen babu yaron da ke da keke mai giya.

Sirajo ya yi ta tsalle, bakinsa har kunne.

Kawu ya ce, "Taho nan, ka bar tsalle. Tsuguna in gwada maka wani abu."

Ya nuna masa tayar baya. A jikinta akwai faifai bakwai masu haƙora, daga ƙarami zuwa babba. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo. Shi ne ke ɗauke sarƙa daga wannan faifai ya mayar da ita kan wancan.

Kawu ya ce, "Wanga ɗan ƙarhe shi na ran keken. Ga damina ta kama. Duk randa ka shiga taɓo, ka wanke sarƙa da haƙoran ga da ruwa. Ka goge da tsumma su bushe. Sannan ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa. Wanki shi na farko, mai shi na ƙarshe. Ka jiya?"

Sirajo ya ce, "Na jiya, Kawu."

Amma gaskiyar magana, kunnuwansa ne kawai ke wurin. Idanunsa suna kan sirdi, ƙafafunsa kuma suna ƙaiƙayin feda. Maganar Kawu ta shiga ta dama ta fita ta hagu.

Sati biyu na farko, Sirajo ya sha daɗi. In ya zo hawa, sai ya taɓa ɗan makunnin da ke hannun keke, sarƙa ta koma babban faifai, ya haye ba wahala. In ya sami miƙaƙƙiyar hanya, sai ya mayar da ita ƙaramin faifai, ya wuce kamar iska. Yara suna binsa da gudu suna kiran sunansa.

Daga nan sai ruwa ya zauna sosai. Hanyar makaranta ta koma taɓo. Kullum Sirajo zai dawo da keke ya yi kaca-kaca da jar laka, ya jingine shi a zaure, ya wuce wurin tuwo.

Innarsa takan ce, "Sirajo, ba ka wanke keken ga?"

Shi kuma ya ce, "Inna, gobe ma taɓon za ni shiga. Mi za a wanke?"

Ba a daɗe ba sarƙa ta fara kuka. In ya taka feda, sai ka ji ƙiii, ƙiii, tun daga nesa. Abokinsa Haidar ya fara yi masa dariya.

Haidar ya ce, "Kai, kekenka ɓera ya haɗiye?"

Wannan magana ta yi wa Sirajo zafi. Ya dawo gida yana tunani. Wanki dai aiki ne. Sai an jawo ruwa a rijiya, a nemo tsumma, a tsuguna, a jira ya bushe. Yana cikin wannan tunani sai idonsa ya kai lungun zaure.

A lungun akwai injin ban ruwa na Babansa, an rufe shi da buhu tun ƙarshen rani. Kusa da shi akwai wani galan. A cikin galan ɗin Baba yake tara baƙin mai, wato tsohon man da ake tsiyayewa daga inji in ya gama aiki.

Sirajo ya buɗe galan. Ya karkata shi a kan sarƙa, ya tuttula. Bai wanke komai ba. Man ya bi ta kan busasshiyar laka, ya shiga tsakanin haƙora, ya ɗiga a ƙasa. Ya juya feda da hannu. Shiru! Kukan ya ɗauke.

Ya kira ƙanwarsa Iklima, ya ce, "Taho ki ga dabara. Kawu cewa ya yi sai an yi wanki, an yi guga, an yi shanya. Ni ga shi na gama kahin ki ƙirga goma."

Iklima ta toshe hanci, ta ce, "Yaya, shina wari."

Ya ce, "Ke mi kin ka sani game da keke?"

Tun daga ranar, Sirajo ya sami hanya. Duk lokacin da sarƙa ta yi ƙara, sai ya ƙara mata baƙin mai. Taɓo ya hau kan mai, mai ya hau kan taɓo. Sarƙar da take sheƙi a da ta koma baƙa ƙirin, ta yi kauri kamar an shafa mata kwalta. Ƙafar wandonsa na makaranta ma ta yi baƙi, Inna ta yi ta fama da sabulu.

Wata rana a makaranta, malaminsu na kimiyya, Malam Bashar, ya zo wucewa ta gindin darbejiyar da yara ke ajiye kekuna. Ya tsaya a kan keken Sirajo, ya sunkuya. Sannan ya aika aka kira shi.

Malam ya ce, "Lakato wanga baƙin abu da yatsanka."

Sirajo ya lakato.

"To, murza shi tsakanin yatsu biyu. Mi ka ji?"

Sirajo ya murza, ya ce, "Kamar yashi, Malam."

Malam ya ce, "Yashi na. Ka taɓa ganin yadda Innarka ka sa toka da yashi ta goge gindin tukunya? To, haka wanga ka goge haƙoran kekenka duk sadda ka taka. Man bai kori yashin ba, riƙe shi ya yi. Ka tahi gida ka wanke shi yau."

Sirajo ya ce, "To, Malam."

Da niyyar wankin ya bar makaranta, ba a raba shi da wannan. Amma a bakin ƙauye ya tarar ana buga ƙwallo, kuma ɓangaren su Haidar ba su cika ba. Aka ce wanki sai gobe. Goben ta zo, ita ma ta haifi wata goben.

A kwanakin ne giya ta fara gardama. In ya taɓa makunni, sarƙa ba ta komawa nan take. Sai ta yi ƙarar-ƙarar tukuna. Wani lokaci in ya taka da ƙarfi sai ta zame, ƙafarsa ta tafi a banza. Sirajo ya san akwai matsala. Bai gaya wa kowa ba.

To, Baban Sirajo manomin albasa ne. Yana da wani iri na jar albasa da ya gada wurin mahaifinsa. Albasa ce mai ƙarfi, tana daɗewa a rumbu ba ta ruɓe ba. Kowace shekara Baba yakan ware manyan albasa ya sake dasa su, su yi fure, ya sami irin baɗi. Bai taɓa sayen iri a kasuwa ba.

A wannan shekara Baba ya yafa irin duka a bayan gida, wuri uku. Amma wani ruwa mai ƙarfi da aka yi ya wanke wuri biyu. Saura ɗaya tak. Ƙananan albasar da suka tsira sun kai tsawon yatsa biyu, sun isa dashe. In su ma suka mutu, irin gidan ya ƙare ke nan.

Ranar Alhamis bayan sallar magariba, Baba ya kira Sirajo.

Ya ce, "Jibi Asabar za mu yi dashe. Na gayyaci mutane takwas. Mu za mu yi sammako mu gyara kunyoyi. Innarka da Iklima za su cire dashen da sahe, kai kuma ka kawo muna shi bisa keke. Ka san albasa ba ta son rana in an cire ta. Ina son ta iso da sanyin sahiya."

Sirajo ya ce, "To, Baba."

Baba ya dube shi, ya ce, "Keken lahiya shi ke? In akwai matsala ka hwaɗi, in roƙi amalanke tun yanzu."

Sirajo ya tuna da zamewar sarƙa. Ya tuna da yashin da ya murza a yatsunsa. Amma in ya faɗa, za a je a duba keken, a ga baƙin mai, a tambayi inda ya samo shi. Sai ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Lahiya lau shi ke, Baba."

Ranar Juma'a yana da lokacin wanki har ya yi yawa. Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Ya sake ɗauko galan, ya tuttula fiye da kullum. A ganinsa, in mai kaɗan ya yi magani, mai da yawa zai fi.

Da asubar Asabar aka yi yayyafi. Baba ya fita da fartanya tun duhu bai gama washewa ba. Inna da Iklima suka tsuguna a bayan gida suna cire dashen a hankali, don kada saiwa ta tsinke. Suka ɗaɗɗaure shi dami-dami, suka jera a cikin jiƙaƙƙen buhu. Inna da kanta ta ɗaure buhun a kan kariya.

Ta ce, "Kada ka tsaya ko'ina. Abin da ke cikin buhun ga, kakanka ya bar muna shi."

Sirajo ya hau keke ya kama hanya. Gonar tana can cikin fadama, tafiyar rabin awa a keke. Da farko komai ya tafi daidai, har ya fara 'yar waƙa.

A tsakiyar hanya akwai wani kwari. Ruwa yakan kwanta a cikinsa, shanu kuma sun tattake wurin ya zama taɓo mai danƙo. Bayan kwarin sai hawa. Sirajo ya shiga da gudu, taɓo ya kama tayoyi, keke ya yi nauyi. Ya taɓa makunni don sarƙa ta koma babban faifai. Ta ƙi.

Ya sake dannawa. Ta ƙi. Sai ya miƙe tsaye a kan feda, ya danna makunnin har ƙarshe, ya taka da duk ƙarfinsa.

Ƙaras!

Sarƙa ta tsallake faifan gaba ɗaya, ta faɗa bayansu ta maƙale. Ɗan ƙarfen nan mai lilo ya lanƙwashe, ya shige cikin wayoyin taya. Tayar baya ta tsaya cak. Sirajo ya dira da ƙafa ɗaya cikin taɓo, da ƙyar ya tare keken bai faɗi da buhun ba.

Ya jawo keken gefe, ya tsuguna. Ya ja sarƙa, ta ƙi motsi. Hannunsa sai santsi yake yi a kan baƙin man. Ya nemo kara ya zura, karan ya karye. Ya nemo dutse ya ƙwanƙwasa, abin ya ƙara shigewa. Ko turawa ba ta yiwuwa, domin tayar ba ta juyawa.

Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu kowa. Duk mutane suna gonakinsu.

Da Sirajo ya yi tunani, da ya sauke buhun ya ɗora a ka ya tafi. Amma zuciyarsa tana kan keke. Yana tsoron ya bar shi a daji a ɗauke. Yana kuma tsoron ya isa gona a ƙafa a tambaye shi dalili. Don haka ya ci gaba da fama, yana cewa a ransa saura kaɗan.

Gajimare ya yaye. Rana ta fito da zafinta, irin na bayan ruwa. Buhun da ke kan kariya ya fara bushewa, Sirajo bai lura ba.

Hantsi ya dubi ludayi, sannan wani makiyayi ya ɓullo da shanunsa. Dattijo ne mai suna Sambo, kuma ya san Baba. Ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya dubi yaron da ya yi baƙi har goshi.

Ya ce, "Yaro, mi ke cikin buhun ga?"

Sirajo ya ce, "Dashen albasa na, Baffa. Baba ka jira."

Sambo ya taɓa buhun, ya ji shi da ɗumi. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Subhanallahi! Tun yaushe kake nan? Kai yaro, ƙarhe ba ya mutuwa, amma wanga shina mutuwa. Bar keken, ni ina nan da shanu har la'asar. Tsoma buhun cikin ruwa ka ɗauka ka tahi."

Sai a lokacin hankalin Sirajo ya dawo jikinsa. Ya kwance buhun da sauri, ya tsoma shi a ruwan kwari. Sambo ya ɗora masa a ka. Ya kama gudu, ruwan laka yana bin wuyansa. Ya faɗi sau ɗaya, ya tashi. Yana gudu yana kuka, domin yanzu ya gane abin da ya yi.

Da ya isa gona, rana ta kusa tsakiya. Kunyoyi suna nan a gyare, reras. Amma mutanen gayya sun gaji da jira, sun koma nasu gonakin. Baba kaɗai ya rage. Har ya kamo hanya zai bi sawu, sai ya hango Sirajo.

Baba ya tare shi. Ya karɓi buhun, ya kai inuwar wata bishiyar mangwaro, ya buɗe. Damman da ke sama sun yi laushi, sun kwanta kamar dafaffen ganye. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa gefe. Ganin haka ya fi wa Sirajo duka ciwo.

Can ƙasa, inda danshi ya rage, Baba ya tarar da damman da ke da sauran rai. Ya yi ajiyar zuciya. Ya yayyafa musu ruwa, ya rufe su da ɗanyen ganye.

Sannan ya ce, "Mi ya faru?"

Amsa mai sauƙi tana bakin Sirajo. Zai iya cewa taɓo ne, kuma kowa ya san taɓon kwarin nan. Amma ya dubi damman da suka mutu, ya ji ba zai iya ƙara wata ƙarya a kan ta shekaranjiya ba.

Ya ce, "Baba, laihina na. Tunda Kawu ya ba ni keken ban taɓa wanke shi ba. Baƙin man injinka ni ka zuba mai bisa taɓo. Malam Bashar ya ce in wanke, ban wanke ba. Sadda ka tambaye ni, na san giyar ba ta da lahiya, na ce maka lahiya lau."

Baba ya dube shi.

Ya ce, "Lalacewar keke ba komi ba ta, ana gyarawa. Da ka hwaɗa mani gaskiya ran Alhamis, da amalanke ta kawo dashen ga tun da sahe. Kalma guda ta, Sirajo."

Sirajo ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Baba ya ce, "Share hawayenka. Kuka ba ya dasa albasa. Yanzu rana ta yi zahi, sai ta sauka za mu fara. Aikin mutum tara, mu biyu za mu yi shi."

Bayan la'asar suka fara. Baba yana huda ƙasa da tsinke, Sirajo yana sa dashe yana dannawa. Bayansa ya yi ciwo, gwiwoyinsa suka yi tsami. Amma bai nemi gajeriyar hanya ba. Kafin rana ta faɗi suka dasa duk abin da ke da rai. Kunyoyi huɗu suka rage babu komai a kansu.

A hanyar komawa suka tarar Sambo ya kai keken wata bukka kusa da kwari, ya ajiye shi da kyau. Baba ya yi masa godiya sosai. Suka ɗaga tayar baya, suka jawo keken har gida.

Washegari aka ɗora keken a motar kasuwa, Sirajo ya bi shi zuwa Jega. Kawu Malami ya dubi sarƙar, ya dubi Sirajo, ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Ikon Allah! Keke na ba ka ko tukunyar kwalta?"

Masu zama a rumfar suka fashe da dariya. Sirajo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kawu ya zare sarƙar da dabara, ya cire ɗan ƙarfen da ya lanƙwashe. Amma bai taɓa dattin ba. Ya turo wa Sirajo bokitin ruwa, da sabulu, da ɗan kananzir a gwangwani, da wani tsohon buroshin haƙori.

Ya ce, "Gyara nawa na, wanki naka na. Bismilla."

Sirajo ya tsuguna. Ya sa tsinke ya ƙwaƙule tsakanin faifai, baƙin datti yana faɗowa gutsure-gutsure. Ya jiƙa sarƙa a kananzir, ya bi ta da buroshi gaɓa-gaɓa. Ya wanke da sabulu, ya ɗauraye, ya goge da tsumma. Sai da ya canja ruwa sau uku. Aikin da zai ɗauke shi minti goma a kullum, ranar ya cinye masa awa biyu.

Da ƙarfen ya fito fili, Kawu ya nuna masa faifai na huɗu, wanda ya fi amfani da shi. Haƙoransa sun cinye, sun yi tsini.

Kawu ya ce, "Ka gani? Yashi ya ci wanga. Ba ni da irinsa yanzu. Giya shida gare ka daga yau, ka riƙa tsallake ta huɗu."

Ya miƙe ɗan ƙarfen a hankali, ya mayar da shi. Sannan ya ɗauko wata 'yar kwalba ta man keken ɗinki. Ya riƙa ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa yana juya feda baya. Da ya gama, ya kama sarƙar da tsumma ya goge ta sosai.

Sirajo ya ce, "Kawu, ai ka goge man."

Kawu ya ce, "Wanda ya shiga ciki shi ka aiki. Na waje datti kawai shi ka kira. Kuma in ka ga taɓo ko hawa gabanka, ka canja giya tun ba ka shiga ba, kana takawa sannu. In taɓon ya yi yawa, sauka ka tura. Ba a yi ma giya dole."

Wannan karon Sirajo ya ji da kunnuwansa, ya ji da zuciyarsa.

Kullum bayan makaranta sai ya wuce gona ya duba dashen. Kwana uku na farko, ganyen yana kwance a ƙasa. Sirajo ya kasa cin abinci sosai. In ya dawo gida, kafin ya taɓa tuwo, sai ya jawo ruwa ya wanke sarƙa da haƙora, ya goge, ya ɗiga mai. Iklima takan riƙe masa tsumma tana yi masa tsiya.

A rana ta shida ya tarar da Baba tsugune a bakin kunyoyi. Baba ya yafito shi da hannu. Daga tsakiyar kowane dashe, wani sabon ganye siriri ya fito, kore shar, ya miƙe tsaye.

Baba ya ce, "Sun kama."

Sirajo ya zauna a ƙasa don daɗi. Kunyoyin nan huɗu kuwa haka suka zauna fayau har ƙarshen damina. Duk ranar da ya zo gona sai ya gan su, kuma ba ya bukatar kowa ya yi masa bayani.

Bayan wata uku aka cire albasa. Ba ta kai ta bara yawa ba, amma ta yi kyau, jajaye masu ƙarfi. Baba ya zauna a gindin mangwaro yana zaɓen manya-manya, waɗanda za a sake dasawa don su ba da irin baɗi. Ya cika kwando guda. Maƙwabcinsu ya ce a sa kwandon a amalankensa tare da sauran buhuna.

Baba ya ce, "A'a, na gode. Wanga kwando Sirajo za shi kai shi gida."

Sirajo ya ɗaga kai da sauri, ya ce, "Ni, Baba?"

Baba ya ce, "Kai. Ɗauko igiya."

Sirajo ya ɗaure kwandon a kan kariya, ya ja igiyar ya tabbatar ta kama. Ya hau, ya taka a hankali. Keken yana tafiya shiru, sai ƙarar taya a kan ƙasa. Ya isa gida ko albasa ɗaya ba ta faɗi ba. Inna ta karɓi kwandon da hannu biyu, ta sa masa albarka.

Yara, abin da Sirajo ya koya ke nan. Datti wanke shi ake yi, ba a rufe shi. Laifi ma haka yake. In ka ɓoye ƙaramar matsala, za ta jira ranar da aka fi bukatarka, sannan ta fito ta tsaya maka a hanya. Ku gyara kayanku tun da wuri, kuma in babba ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun tana da amfani.